Sharhi: Shirun da muke yi kan giya ba ya kare matasanmu

A Nijar ba a cika maganar giya a fili ba. Addini ya haramta ta, al'ada ta ƙyamace ta, shi ya sa mai sha yake ɓoyewa, iyalinsa kuma su rufa asiri. Sai dai rufin asiri ba ya hana hanta lalacewa.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a watan Yunin 2024 ya nuna cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, miliyan 2 daga cikinsu maza. A tsakanin ƴan shekara 20 zuwa 39, kashi 13 cikin ɗari na mace-macen suna da nasaba da giya, kuma babu wani rukunin shekaru da ya kai haka. Waɗannan su ne masu tuƙa kabu-kabu, masu zuwa cin rani, masu aiko da kuɗin cefane gida.

Binciken ya kuma nuna cewa kowane mataki na rayuwa da irin ɓarnarsa. Giyar da mai ciki ta sha tana ratsa mahaifa, tana iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri har ƙarshen rayuwarsa. Ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara sha da wuri ya fi saurin kamuwa da jaraba. A ƙuruciya, hatsarin hanya da faɗa ne suka fi kisa. Da shekaru suka ja, sai ciwon hanta, hawan jini da sankara su biyo baya. Tun 1988 cibiyar binciken sankara ta OMS ta sa giya a rukuni ɗaya da taba. A Janairun 2023 kuma OMS ta bayyana cewa babu wani adadin giya da za a ce ba ya cutarwa.

Ga ƴan uwanmu da ke waje, haɗarin ya ninka. A tashoshin mota na biranen bakin teku ana sayar da giya mai ƙarfi a ƴan ledoji kan kuɗi kaɗan, abin da ya sa Kodibuwa ta haramta ta a 2016. A Libiya, inda doka ta hana giya, haɗin gida mai gubar metanol ya kwantar da fiye da mutum dubu a Tripoli a watan Maris na 2013, gommai suka mutu, wasu suka makance.

Wa'azi yana da muhimmanci, amma wanda jaraba ta riga ta kama, maras lafiya ne. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, idan ya daina kwatsam ba tare da likita ba, yana iya samun rawar jiki da farfaɗiya, har ma ya rasa ransa.

Don haka muke kira ga ma'aikatar kiwon lafiya da ta horar da ma'aikatan cibiyoyin CSI su riƙa tambayar majiyyata batun sha cikin sirri, ba tare da kunyatarwa ba. Hukumomi su sa ido kan giyar leda da sayar wa yara. Malamai da iyaye kuma su buɗe ƙofar da yaro zai iya cewa yana neman taimako. Kai kuma da ka san abokin fada yana sha, raka shi asibiti tun da sauran lokaci.