Tsada Ba Ita Ce Gani Ba

Ran da ƙungiyarmu ta yi zaman muhawara a kan wasan kwaikwayo, wani daga cikin magabatanmu, wanda ya yi shekara uku cur yana karatu a Landan, ya miƙe ya ce shi kam bai taɓa sa ƙafa cikin gidan wasa a can ba, wai abin na masu hannu da shuni ne, ba na ɗalibi mai ƙidayar kwabo ba. Aka bushe da dariya, aka tafa masa. Ni ban tafa ba. Girmansa ya hana ni tanka masa a gaban jama'a, amma alƙalami ba ya jin nauyin kowa, don haka ga amsata, Malam ya yi haƙuri.

Ban musa ba, akwai tsada. A unguwar gidajen wasa ta Landan da ake kira West End, kujerun da suka fi kowanne kuɗi a manyan wasanni sukan haura fam 200. Wanda ya buɗe shafin sayar da tikiti a intanet ya ci karo da wannan adadi, ya juya shi zuwa naira, dole gabansa ya faɗi. To, amma wanda ya shiga kasuwar Kurmi ya tambayi kuɗin alkyabba, ya ji, ya fito yana shela cewa tufafi sun fi ƙarfin talaka, shin kasuwar ya gani ko rumfa ɗaya? Kuskuren Malam, kuma kuskuren da masu gidajen wasan ke so kowa ya yi, shi ne zaton kuɗin kujera shi ke auna yawan abin da za ka gani daga kanta. Alhali kuwa tun asali ba gani aka auna ba, matsayi aka auna.

Ka dubi ginin kansa. Yawancin gidajen nan an gina su ne a zamanin Sarauniya Biktoriya da ɗanta Edward, lokacin da Turawan Ingila ba su wasa da bambancin bafade da talaka. Akwai kujerun ƙasa, gaban dandamali. Akwai bene na farko, inda masu kuɗi ke zama da kayan ado na dare. Akwai bene na biyu. Sa'an nan can ƙololuwa, dab da rufi, akwai wurin da suke yi wa laƙabi da mazaunin alloli don tsabar nisansa da ƙasa, nan ne na leburori da 'yan koyon sana'a. A wasu gidajen har yau ƙofar masu hawa can daban take, ta lungu, da matakalarta daban, don kada mai ƙazamar riga ya gogi mai tsabta. Ga kuma 'yan ɗakunan nan na gefe, masu labule da kujera huɗu, waɗanda baƙo zai ɗauka nan ne aljannar gidan. Ba a yi su don kallo ba, an yi su don a kalli mai zama ciki. Daga gefe kake hango dandamali, kusurwa guda ta ɓace maka ɗungum, sai ƙeyar ɗan wasa da bayan fage inda ma'aikata ke jan igiya.

Ni kaina na sha wannan ruwa, shi ya sa nake ɗaga murya. Karona na farko, don kada a raina ni, na zaɓi kujerar ƙasa, tunda taswirar da aka nuna mini ta shafa wa ƙasa launin tsada. Kuɗin cefanen mako guda na zuba. Ashe layin can baya ne, ƙarƙashin bene na farko, benen ya rufo kaina kamar rumfar mai shayi. Da aka ɗaga labule sai ga fage mai hawa biyu, rabin wasan a sama ake yi. Na ji muryoyi sarai, na ga takalma da ƙafar wando. Wani abokina da ya biya abin da bai kai rabin nawa ba, ya hau bene na biyu ya zauna tsakiyar layin gaba, shi ya ba ni labarin abin da ya faru a wasan da muka kalla tare.

Taswirar nan ta intanet ita ce tarkon. A shimfiɗe take kamar tabarma, ba ta nuna tsawo, ba ta nuna inda bene ya rufo, ba ta nuna ko ƙasan ɗakin tana da gangara ko kuwa kan na gabanka ne zai zame maka dandamali. Abin da take nunawa launi ne, launin kuwa kuɗi ne. Bugu da ƙari, da ka taɓa kujera sai agogo ya fara ƙirga maka 'yan mintoci, wai in ba ka biya ba za a ba wani. Wani shafin ma zai zaɓa maka da kansa, ya ce ga mafi kyawun abin da ya rage, watau mafi tsadar abin da bai sayu ba. Duk dillalin da ya ce maka "yi sauri, akwai mai so a bayanka" ka san irinsa, mun gan shi a kara ranar jajibirin salla. Bambancin kawai shi ne wannan ba ya gumi.

Maganinsa ba wuya, sai dai yana son natsuwa. A taswira launi yakan canza ne a kan layi guda: layi na goma kuɗi kaza, na goma sha ɗaya ya faɗi ƙasa sosai, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai taku biyu ba. Nemi kan iyakar nan, ka zauna a bayanta. Tsakiya a sama ta fi gefe a ƙasa, musamman in wasan na raye-raye da waƙe-waƙe ne, inda tsarin jerin 'yan wasa shi ne abin kallo. In kuwa wasan magana ne, na mutum uku ko huɗu a ɗaki, to kusanci ya fi, ko da a gefe ne, don fuska ake karantawa. Layin farko na ƙasa wani lokaci yakan yi araha saboda dandamali ya yi tudu, sai ka ɗaga wuya; mai ƙuruciya ba ya rasa wuyan ɗagawa na awa biyu.

Inda na fi so a tsaya shi ne kujerun da aka rubuta wa cewa ganinsu ragagge ne. Jama'a na gudunsu kamar kuturu, kuma a nan garaɓasar take. Kalma ɗaya ce aka yi wa abubuwa iri iri. Wata kujerar ginshiƙi ne tsaye ƙiƙam a gabanta, wannan kam a bar wa mai ita. Wata kuwa ɗan siririn ƙarfen kariya ne ya gitta, wanda ido ke mantawa da shi kafin a yi minti biyar. Wata kusurwar fage ce kaɗai ta ɓoye, inda wataƙila ba abin da ke faruwa sai tukunyar fure. Ginshiƙan ma a tsofaffin gidaje suka fi yawa. Daga ƙarshen ƙarni na 19 magina irin su Frank Matcham, wanda ya zana Coliseum na 1904 da Palladium na 1910, sun riƙa ɗora bene a kan ƙarafan da suka fito daga bango, ba tare da turaku a tsakar jama'a ba. Sanin shekarun gida, ashe, yana cikin sanin kujera. Kuma ba sai ka yi duba ba: akwai shafuna irin su SeatPlan da Theatremonkey inda ake bayanin kujeru gida gida, a na farkon ma 'yan kallo kan ɗora hoton abin da suka gani daga inda suka zauna. Minti goma a can ya fi a yi da-na-sani a cikin duhu.

Sai kuma lokaci. Daren Asabar na 'yan yawon buɗe ido ne da masu bikin zagayowar aure, a bar musu. Wasan rana na tsakiyar mako da daren Litinin ko Talata sun fi sauƙi. Haka kwanakin gwaji, kafin a gayyaci 'yan jarida, lokacin da wasan bai gama nuna ba amma ana iya ganin yadda ake dafa shi, abin da ya kamata ɗalibin adabi ya fi kowa marmari. Gidaje da yawa kan ware 'yan kujeru su sayar da safiyar ranar wasa, da can sai an yi layi a bakin ƙofa cikin sanyi, yanzu galibi ta wayar hannu. Wasu kuma ƙuri'a suke jefawa: da aka buɗe wasan Hamilton a Landan a 2017, wanda tikitinsa ya yi wuyar samu ƙwarai, sun ware kujerun fam 10 ga wanda ƙuri'a ta faɗa wa. A Leicester Square akwai rumfar TKTS ta ƙungiyar masu gidajen wasan Landan, tun 1980 take karyar da tikitin da bai sayu ba, tana koyi da ta Times Square a Amurka wadda aka buɗe a 1973. Dalilin mai sauƙi ne. Kujera ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a jira bazara. Da an ɗaga labule, wadda ba kowa a kanta ta zama asara har abada, mai gida kuwa ya fi son rabin kuɗi da babu.

Kada kuma a ce ina wanke masu sayarwa. Ban da kuɗin kujera akwai la'ada, akwai kuɗin gyaran gini, da can har sai ka kai shafin ƙarshe, ka riga ka fito da katin banki, sa'an nan su ɓullo ɗaya bayan ɗaya. Sai da gwamnatin Birtaniya ta yi doka a 2024, ta fara aiki a Afrilu 2025, wadda ta tilasta a haɗa duk kuɗin dole cikin farashin da aka fara nuna wa mai saye. Ga kuma sabon salon da suka aro daga kamfanonin jiragen sama, na ɗaga farashi in an ga jama'a sun yi ca. Ga 'yan bumburutu, masu saye su sake sayarwa, waɗanda shafunansu kan fito a sahun farko in ka yi bincike, saboda sun biya kuɗin talla. Duk mai hankali ya fara da shafin gidan wasan kansa, in kuwa dole sai ta hannun dillali, ya duba ko yana da tambarin ƙungiyar STAR.

Waɗannan duka dalilan faɗa ne, ba dalilan zama a ɗaki ba. Mutanen Landan kansu ba su taɓa karɓar tsada hannu biyu ba. Gidan wasan Covent Garden ya ƙone a 1808. Da aka sake gina shi aka buɗe a Satumba 1809, shugabansa John Philip Kemble ya ƙara kuɗin zama a ƙasa daga sule uku da sisi zuwa sule huɗu, ya kuma mai da wani bene ɗakunan haya na attajirai. A kan sisi guda 'yan kallo suka tada ƙayar baya. Ba su ƙaurace ba, a lura. Sukan biya su shiga, su zo da ƙaho da ƙararrawa da alluna, su hana a ji ko kalma ɗaya daga bakin 'yan wasa. Kemble ya yi hayar 'yan dambe su fitar da su, abin ya ƙara ƙamari. Dare sama da 60 ana haka, har a watan Disamba ya sauko, ya mai da tsohon kuɗin ƙasa, ya fito ya ba da haƙuri. Waɗancan sun ɗauki gidan wasa nasu ne, shi ya sa suka yi faɗa a kansa.

Malam ya ce na masu kuɗi ne. To, a gidan Globe na farko, wanda aka gina a 1599, inda aka yi wasannin Shekisfiya da yawa, kwabo ɗaya ake biya a tsaya a fili gaban dandamali, a ƙara kwabo a zauna, a ƙara wani a sami matashi. Sabon Globe da aka buɗe a 1997 a bakin kogin Tems ya riƙe al'adar: mutum 700 ke tsayuwa a filin, kuma fiye da shekara 20 fam 5 ne kuɗin. Har gobe shi ne tikiti mafi araha a gidan, kuma shi ne mafi kyau. Mai tsayuwa na iya dafa dandamali da gwiwar hannu, ɗan wasa ya dube shi ido cikin ido, ya jefa masa magana, wani lokaci ya ratso ta cikin taron. Masu zama, da suka biya ninkin ba ninki, suna can nesa kan benci, wasu na hayar matashi kamar kakanninsu. Wahalarsa ita ce filin ba rufi, in ruwa ya sauko a kanka zai ƙare, ba a yarda da lema ba, ba a kuma yarda ka zauna ba. Amma mu da muka saba tsayuwa kallon dambe da wasan tashe, yaushe tsayuwar awa uku ta zama abin tsoro?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Muna karanta Daren Sha Biyu da Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa, muna rubuta jarrabawa a kan fitowa da shiga, da haske, da amfani da fage, duk daga takarda, kamar mai koyon iyo a kan tabarma. Sa'an nan wanda Allah ya kai shi inda ake yin abin kowane dare, ya dawo yana alfahari da cewa bai leƙa ba. Wole Soyinka a ƙarshen shekarun 1950 aikin karanta wasanni ya yi a gidan Royal Court na Landan, ba a otal ya kwanta yana lissafin canji ba. A 2012 gidan Globe ya gayyaci ƙungiyoyi daga sassan duniya aka yi wasannin Shekisfiya 37, kowanne da harshensa. An yi da Yarbanci, an yi da Suwahili, an yi da Shona, an yi da Larabcin Juba daga Sudan ta Kudu, ƙasar da a lokacin ba ta cika shekara guda da samun 'yanci ba. Ba a yi da Hausa ba. Kuɗin tsayuwa a kalli kowanne daga cikinsu fam 5 ne.