Kafin a sake cewa a zuba wa karnuka guba a Magarya da Dungas



Duk mai fita da asuba a garuruwanmu ya san garken karnukan nan da ke kwana bayan mahauta da bakin juji, waɗanda ba mai cewa nasa ne. Ba mu tuna su sai ranar da ɗaya ya ciji yaro a hanyar lakkwal. Ran nan kowa magana ɗaya ce a bakinsa: a zuba musu guba. Bayan kwana biyu an manta, sai kuma wani cizon.

Ni dai ban yarda guba magani ba ce. Karya tana ɗaukar ciki wata biyu ne kacal, ta zubo ɗiya biyar ko shida. In an kashe ashirin yau, jujin yana nan, kayan cikin da ake zubarwa a mahauta suna nan, waɗanda suka tsira sai su samu abinci wadatacce su hayayyafa. Wasu kuma su shigo daga ƙauyuka, kai har daga tsallaken iyaka, don ba karen da ke tsayawa a Tinkim ya nuna katin shaida. Ita kuma gubar ba ta zaɓe: tana cin karen makiyayi, ta ci kyanwa, ta ci ungulun da ta sauka kan mushen. Balle a ce an ajiye ta inda yara ke wasa.

Abin tsoro a cizon kare shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ciwon maƙetaci ne. Raunin zai warke, a ce alhamdu lillahi, bayan wata ɗaya ko biyu ko uku yaro ya fara firgita, ya kasa haɗiye ruwa. Da alamun nan sun fito, kusan ba a tashi. Alhali tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurar rigakafinsa a Faransa aka ga ta yi. Yau shekara fiye da 130 ke nan, ciwo mai rigakafi yana ɗauke mana ɗiya.

Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari lamba, ciwon ya kan rasa hanyar yawo. Kuma ba sai mun tafi ƙasar Turawa neman misali ba. A Injamena ta Cadi, a 2012 da 2013, an yi wa karnukan birnin allura kyauta, unguwa-unguwa, aka kai kashi 70 ɗin, ciwon ya lafa na tsawon lokaci kafin karnukan wajen gari su sake shigo da shi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wani gwaji da aka yi a can kafin nan, inda aka ce mai kare ya biya wani abu daga aljihunsa: kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai na karnukan aka kawo. Talakan da ke lissafin tiyar hatsi ba zai cire jika don kare ba, kuma ban ga laifinsa ba.

To mu nan muna da abin da za mu dogara da shi. Kowace shekara ma'aikatan kiwo suna zagaya ƙauyuka da rugage su yi wa shanu da awaki da tumaki da raƙuma lamba kyauta. Motar tana tafiya, akwatin sanyin yana ciki, mai gari ya tara jama'a. Me ya hana a sa kare cikin lissafi? Karen da ya rako garken ma yana nan kwance gindin gawo yana kallo.

Amma lamba kaɗai tana da rauni, nan ne maganar fiɗiya ta shigo. Karen ƙauye bai cika daɗewa a duniya ba, ga haihuwa ba ƙaƙƙautawa. Ka yi wa gari duka allura bana, baɗi ka tarar da ƴan kwikwiyo birjik da ba su taɓa ganin allura ba. Hana haihuwa ba ya maganin haukan kare, kar wani ya ji ni ba daidai ba. Abin da yake yi shi ne rage sababbin shigowa, ta yadda wahalar bana ba za ta tafi a banza ba. Sannan a huta da ɗabi'ar nan ta kwashe ɗiyan karya a kwali a kai su bayan gari a zubar. Waɗanda suka rayu cikinsu, ai su ne garken bakin jujin.

Fiɗiya ba baƙuwarmu ba ce, muna dandaƙe bunsuru da sa tun kaka da kakanni. Sai dai namijin kare ba shi ne gundarin matsalar ba. Ko ka fiɗiye tara, na goman ya ishi karyar unguwa duka. Mace ita ce abin nema, ita kuma aikinta tiyata ce: a sa ta barci, a buɗe ciki, a cire, a ɗinke. Wannan ba aikin wanzami ko mahauci ba ne, na likitan dabbobi ne da kayan aiki masu tsabta. Shi ya sa nake ganin hukumomin kwaminonin Magarya, Bande, Wacha, Dungas, Dogo-Dogo, Malawa da sauransu su haɗa kai da ma'aikatar kiwo da likitocin dabbobi masu zaman kansu, a ware ko ƴan kwanaki ne a shekara, a kafa rumfa ranar kasuwa. Lamba kyauta, tiyata da ɗan kuɗi kaɗan, komin ta cika sauran. Ga ranar 28 ga Satumba ma, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ta isa mafari. Kyanwa ita ma ta samu shiga, tunda takan haihu fiye da sau ɗaya a shekara, kuma ba mai son rabuwa da ita saboda ɓeran rumbu.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: mutane ba su ƙoshi ba, kai kana zancen tiyatar kare. Gaskiya ne ba mu ƙoshi ba. Amma uban da aka cije wa yaro a ƙauyen Guci ko Sassumburum ya san kuɗin mota, ya san allurar mutum ba ɗaya ba ce, sai an yi ta komawa, wani lokacin sai an sayar da akuya. Ta kare ta fi arha nesa ba kusa ba. Mafarauci kuma da ke cewa fiɗiyayyen kare ya zama rago, to ya riƙe nasa, amma ya kawo shi a yi masa lamba. Batun hukuncin addini kuwa na malamanmu ne, ina roƙon su yi mana bayani a mumbari da gidajen rediyo. Mun dai san addini ya yarda da karen kiwo da na gona da na farauta, ya kuma hana azabtar da dabba.

Kafin hukuma ta motsa, in kare ya ciji wani a gidanka, ko ya yage shi, a wanke wurin nan take da ruwa da sabuni har minti 15, a duba agogo. Kar a shafa toka ko barkono, kar a ɗaure da tsumma a zauna. A tafi likita mafi kusa a ranar, ko da raunin ɗan ƙarami ne. Karen kuma, in ana iya tsare shi ba tare da wani ya sake shan cizo ba, a ɗaure shi aƙalla kwana 10 ana lura da shi, a sanar da ma'aikacin kiwo.