Ƙorafin Mutanen Mallawa Kan Rajistar Masu Zaɓe

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Damagaram,
ta hannun Prefen Dungas da Prefen Magarya.

Ranka ya daɗe, masu wannan takarda talakawanka ne na ƙaramar hukumar Mallawa, manoma da makiyaya da 'yan ci-rani da matan aure. Kukan namu ɗaya ne da na 'yan'uwanmu na Gushi da Dogo-Dogo da Washa da Bande, shi ya sa muka biyo ta hannun prefe biyu.

Mun san yanzu ba lokacin zaɓe ba ne. Mulki ya canja hannu ranar 26 ga Yuli 2023, an rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a watan Afrilu 2024 aka naɗa kantomomi, kundin mulkin da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 kuma ya ɗebi wata 60 na riƙon ƙwarya. Ba ranar zaɓe muka zo tambaya ba. Abin da ya kawo mu shi ne, yawancin waɗanda suka rasa ƙuri'arsu a yankinmu ba ranar zaɓe suka rasa ta ba. Sun rasa ta tun ranar da aka haife su ba a rubuta su ba. Wannan gyara ne da ba ya bukatar jam'iyya, ba ya bukatar kamfe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Doka ta ce ɗan Nijar da ya cika shekara 18 yana da ikon jefa ƙuri'a. Amma da aka zo rajistar na'ura mai ɗaukar hoto da zanen yatsa kafin zaɓen 2020, tambayar farko ita ce: ina takardarka? A ƙauyukanmu mace a ɗaki take haihuwa, a hannun ungozoma. Ranar suna a yanka rago, liman ya yi addu'a, a raba goro, shi ke nan yaro ya shiga cikin mutane, amma bai shiga littafin gwamnati ba. Idan wa'adin kai rahoton haihuwa ya wuce, sai gaban alƙali da shaidu. Mutumin da ke ƙauyen bakin iyaka zai biya kabu-kabu zuwa da dawowa, nasa da na shaidunsa, ya ciyar da su, wani lokaci a ce ya dawo wani mako. Magidancin da rumbunsa bai kai shi damina ba ba zai sayar da tiyar gero don takarda ba, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Mun shaida cewa an turo alƙalai ƙauyuka suna ba da takardar haihuwa kyauta kafin rajistar, kuma mutane da yawa sun samu. Allah ya saka wa waɗanda suka yi aikin. Sai dai zaman gajere ne, a manyan garuruwa. Kafin labari ya isa rugage da ƙananan ƙauyuka, mota ta tashi.

Ga kuma maganar lokaci, wadda ta fi ci mana rai. Rajistar jiharmu ta faɗo ne a farkon 2020, da rani. Duk wanda ya san ƙasar Magarya da Dungas ya san da an gama girbi samari da magidanta ke ɗaukar jaka su nufi Kano da Kaduna da Legas, wasu Agadas, wasu har Aljeriya da Libiya, ba sa dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. A waccan shekara kuma abin ya zo da ƙarin nauyi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun watan Agusta 2019, cutar korona ta zo a watan Maris 2020 ta ƙara kulle hanya, ba a buɗe mashigar Maigatari ba sai tsakiyar Disamba 2020, bayan an riga an yi zaɓen ƙananan hukumomi da na jihohi ranar 13 ga watan. Na'ura kuwa ba ta karɓar saƙo. Sai mutum ya zo da yatsunsa. Haka aka yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ranar 27 ga Disamba da na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021, gidaje da yawa tsoho da tsohuwa ne kawai ke da kati, majiya ƙarfin gidan suna tsaye a bakin rumfa suna kallo. Mutum kimanin miliyan 7.4 aka rubuta a ƙasa baki ɗaya. Magarya da Dungas kaɗai sun haura mutum 900,000 tun a ƙidayar 2012. Yankin da ke da jama'a haka bai kamata a tsara masa rajista ba tare da an duba kalandar nomansa ba.

Akwai wani ciwon da sai ɗan iyaka ya san shi. Mu da mutanen Jigawa muna auratayya tun kafin a ja layi tsakaninmu. Al'adarmu ce mace ta je gidan iyayenta haihuwar fari, ta yi wanka a can. Sai ka ga yaro ubansa ɗan Mallawa, kakansa a nan aka binne shi, a nan gidansu ke biyan haraji, amma cibiyarsa a ƙetare aka yanke. Irin wannan yaro idan ya tsaya gaban ma'aikaci baƙo, wanda bai san gida ko ɗaya a garin ba, sai a fara yi masa kallon ɗan wata ƙasa. Mun ga saurayi ya sunkuyar da kai ya bar layi saboda irin wannan tambaya a gaban jama'a. Ba mu ce a rubuta wanda ba ɗan ƙasa ba. Mun ce mai gari yana nan, littafin haraji yana hannunsa, ya san ɗan wane da jikan wane. A tambaye shi.

Waɗanda suka samu shiga ma ba duka suka tsira ba. Wani an rubuta sunansa iri ɗaya a takardar haihuwa, wani iri a kati. Wata katinta bai zo ba sam. Wata kuma ta zo da goyo tun sanyin safiya, ta bi layi har rana ta take, malamin zaɓe ya bi takarda da yatsa daga sama har ƙasa, sannan ya ce sunanta yana rumfar wani gari. Ba ta da amalanke, ba ta da kuɗin babur, ga tukunya na jiranta. Ta koma gida yatsanta babu tawada. Kuma a tuna, kafin zaɓen Disamba 2020 rabon da a zaɓi kansiloli tun Janairu 2011. Wanda ya rasa wannan rana ya rasa bakinsa a kan wanda zai riƙe kuɗin rijiya da lakwal da likitar garinsa na shekaru.

Don haka, ranka ya daɗe, muna roƙo a dawo da zaman alƙalai a ƙauyuka tun yanzu, a riƙa yin sa kowace shekara, a sanar ta bakin masu gari da limamai da gidajen rediyon karkara tun da sauran lokaci, a kuma bi ranakun kasuwa. A ba kowane babban ƙauye wanda zai riƙa rubuta haihuwa a makon suna, don kada yaran da ake haifa yau su gaji wahalarmu. Duk ranar da za a sake rajistar masu zaɓe, a sa ta tsakanin saukar damina da ƙarshen girbi, lokacin da kowa ke gida, a kuma bar ƙofa a buɗe a ofishin ƙaramar hukuma ga wanda ya dawo daga baya. A liƙa sunaye a kowane gari, a karanta su da babbar murya da Hausa, tunda kundin 2025 ya mai da ita harshen ƙasa, kuma yawancin iyayenmu mata ba sa karatun boko. Rumfa kuma a kawo ta inda tsohuwa za ta iya zuwa da ƙafarta.

Yaran da ke da shekara 13 lokacin waccan rajista duk sun kai shekarun zaɓe yau, kuma babu sunan ko ɗayansu a littafin masu zaɓe na 2020. Muna roƙon ka isar da wannan kuka Yamai, ka kuma turo wakilinka Mallawa ya zauna da masu gari, su nuna masa gidajen da babu takarda ko ɗaya.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka.

Mu ne talakawanka,
mazauna ƙaramar hukumar Mallawa.