Ba kalkuleta ba ce, alamar ragi ce ta kayar da kai



Na zo hutu gida Azare, sai ƙanena da ke aji biyu ya kawo min takardar gwajinsa ta lissafin da'irar lantarki, ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, wallahi malamin nan ne ba ya so na." Na duba. Malam bai zalunce shi ba. Alamar ragi guda ɗaya ce ta cinye masa maki.

Ga tambayar. Batir mai bolt 12, resista uku kowace om 4, zagaye biyu, resista ɗaya tana tsakiya, zagayen biyu sun haɗu a kanta. Idan ka juya karent I1 da I2 duk yadda hannun agogo ke tafiya, dokar Kirchhoff za ta ba ka 8I1 − 4I2 = 12, sannan −4I1 + 8I2 = 0. Amsa: I1 amfiya 2, I2 amfiya 1.

Shi kuwa a layin farko +4I2 ya rubuta. Ya manta cewa a resistar tsakiya karent biyun gaba da gaba suke, don haka ragewa ake yi. Sai ya samu 1.2 da 0.6, ya ja layi biyu a ƙasa, ya miƙa.

Kuskuren bai dame ni ba, ni ma da nake digiri na biyu ina yin irinsa. Abin da ya dame ni shi ne bai gwada amsarsa ba, alhali minti biyu ya isa. Ƙarfin da batir ya bayar dole ya yi daidai da wanda resistoci suka sha. Da amsar gaskiya, batir ya ba da wat 24, resistoci sun sha 16 da 4 da 4. Ciniki ya faɗa. Da tasa kuwa, batir ya ba da 14.4, resistoci sun sha 8.64. Ina sauran suka shiga? Aljanu ne suka sha?

Gaskiya mun saba da haddar tsofaffin tambayoyi, da zarar an canja lamba ɗaya sai mu rikice. Kafin ka zargi malami, duba abu uku. Duk zagayen gefe ɗaya ka juya su? Ka rage karent ɗin maƙwabci a resistar tsakiya? Ka lura ta wane kan batir ka shiga? Kuma in amsa ta fito da ragi, kada ka goge ta don tsoro, nufinta karent ɗin baya yake tafiya.

Gobe mu ne za mu haɗa wa mutane sola a gidaje da shagunan Katagum. A can babu jan biro, batirin bawan Allah ne zai ƙone, kuɗin guminsa.

Ƙanen nawa dai ya sake lissafin da daddare, wat 24 ya fito cif. Har yanzu bai janye maganarsa a kan malam ba, amma ya daina maimaita ta.

Allah Ya ba mu sa'a.