Kishin Gida Bai Tsaya Ga Gina Masallaci Ba

Tun 1991 Janar Babangida ya cire Jigawa daga Kano, amma har yau in ka tambayi ɗan Zandam mazaunin Legas asalinsa, sau da yawa "Kano" zai ce maka. A ganina ba mantuwa ba ce, jihar ce ba ta gama zama gida a bakinsa ba.

Wasu na ɗaukar kishin jiha tamkar kishiyar kishin ƙasa. Ban yarda ba. A 1967 mutanen Goa ta Indiya sun kaɗa ƙuri'ar ƙin haɗewa da Maharashtra, kuma hakan bai hana su zama Indiyawa ba.

'Ya'yanmu mazauna Kano, Abuja da Legas ba marowata ba ne. Suna gina masallatai, suna haƙa rijiyoyi. Abin da suka bari shi ne tambaya. A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, wace ƙungiyar ci gaban gari ce ta nemi ganin kasafin Gwaram ko na Birnin Kudu? Ina kira gare su da su nema a taron Sallah mai zuwa. Allah Ya sa mu gane.