Kada Ki Yaga Mata Littafi

'Yan'uwana mata, matan aure da ku 'yanmata masu shirin shiga daga ciki. Yau faɗa na zo yi da ku, amma da yake Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, to bari in fara da nawa tudun kafin in hango naku.

Wata rana da la'asar sakaliya ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo, na ƙwala wa ɗiyata ta tsakiya kira ta zo ta wanke mini tukunya. Lokacin tana aji biyar na firamare. Kira ɗaya, kira biyu, shiru kake ji. Na tashi a fusace na leƙa ɗaki, sai na same ta rub da ciki a kan tabarma, ta duƙufa tana zane a bayan littafinta na lissafi, littafin da babanta ya saya da ƙyar da jiɓin goshi. Ban tsaya duba abin da ta zana ba, na fizge, na yage takardar, na dunƙule na jefar. Na ce, "Mi kike yi haka? Wannan shirmen aka kai ki makaranta ki koyo?" Yarinyar nan ba ta ce uffan ba, ta tashi ta je ta wanke tukunya tana sharar hawaye.

Da safe ina shara sai tsintsiya ta jawo takardar nan, na ɗauka na warware. Wallahi jikina sai ya yi sanyi. Hasumiyar Gobarau ce ta zana, da matakalarta da hawa-hawanta da komai, alhali ba ta taɓa zama a gabanta da fensir ba, wucewa kawai muke yi in za mu gidan kakarta. Ni da na haife ta ban san tana da wannan ido ba. Daga ranar nan yarinyar ta kusa shekara ba ta ƙara ɗora fensir a takarda da sunan zane ba. Ba malami ya hana ta ba, ba gwamnati ba, ba talauci ba. Ni ce, uwarta.

To 'yar'uwa, ki faɗa mini tsakaninki da Allah, ke ba ki taɓa yin irin wannan ba? Yaro ya kwaɓa laka ya gina mota, ki ce ya ɓata riga. Yarinya ta tara ƙannenta tana shirya musu wasan kwaikwayo a zaure, ki ce rashin kunya za ta koya. Ta rubuta ɗan labari ta kawo miki da murnarta, ki ce ai sai ki ci labarin in yunwa ta zo. Haka muke yi kullum, sannan mu koma gefe muna cewa yaran yanzu ba su da basira, ba abin da suka iya sai latsa waya.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne labarin da ƙanena ya kawo mana bayan ya gama bautar ƙasa a Minna ta jihar Neja. A can akwai wata ƙungiya da ba ta neman riba, ana kiran ta Hill-Top Creative Arts Foundation. Wani malamin makaranta kuma marubuci, B.M. Dzukogi, shi ya kafa ta a shekarar 2004, kuma a cikin harabar makaranta ta fara, da 'yan ɗalibai masu sha'awar rubutu da zane. Ba kamfani ba ne, ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Yara su zo bayan an tashi daga aji, wannan ya karanta waƙar da ya rubuta, waccan ta nuna zanenta, manya su gyara musu, gobe su sake dawowa. A haka a haka har aka fara buga littattafan yaran da ba su gama sakandare ba. A haka har ta kai suna shirya biki duk shekara a Minna, makarantu daga jihohi daban-daban su kawo ɗalibansu a yi gasar rubutu da zane da karatun waƙa. A haka har ƙungiyar ta yi rassa a wasu jihohin. Ɗan shi mai kafa ta, Saddiq Dzukogi, wanda ya tashi a cikin wannan hidima, an buga littafin waƙoƙinsa a Amurka a 2021.

Yau shekara ashirin da ɗoriya ke nan abin bai mutu ba, sai ma yaɗo da yake yi kamar kabewa. Kuma ba su kaɗai ba ne. A Kaduna ma Hajiya Hadiza Isma El-Rufai ta ƙaddamar da gidauniyar Yasmin El-Rufai a 2017, don tunawa da ɗiyarta da ta rasu, inda ake koya wa yara rubutun ƙirƙira, ana kuma koya wa mata karatu da rubutu.

Da na ji wannan labari sai na yi ta tunani: me ya rayar da abin nan na Minna? Na san akwai jajircewar malami, akwai masu taimakawa da aljihunsu. Amma ki lura da abu guda. Duk yaron da ya taka ya je wurin nan, daga wani gida ya fito. Wata uwa ce ta ce "je ka" maimakon ta ce "zauna". Wata uwa ce ta haƙura da aike na awa biyu, ta wanke tukunyarta da kanta. Da a ce duk iyayen Minna irina ne a ranar da na yaga takarda, da malamin nan shi kaɗai zai yi ta zama da kujeru har ya gaji ya kulle ƙofa. Irin wannan ƙungiya a ɗakin uwa ake shuka ta, a ɗakin uwa kuma ake kashe ta tun ba ta tsiro ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mu fa Katsinawa ne. Ta Dikko ɗakin kara! Garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, malaman da suka yi rubuce-rubuce shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Garin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a cikinta. A nan garin Abubakar Imam yake koyarwa a makarantar Midil lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, gasar da yayansa Malam Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki. Ƙasar da ta haifi Mamman Shata a Musawa. Ko da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, 'yar jihar Katsina ce, Aisha Muhammad Sabitu, ta zo ta ɗaya da labarinta mai suna Sansani. Ashe ba iri muka rasa ba, ba ƙasar noma muka rasa ba. Masu ban ruwa muka rasa, masu tuge shuka kuwa sun yi mana yawa.

Wata za ta ce ai ana koya musu a makaranta. Gaskiya ne, a cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare akwai darasin al'adu da fasaha, wanda yara ke ce wa CCA. Amma ki buɗe jakar ɗanki ki duba littafin darasin. A makarantar da 'ya'yana suka yi, abin da na gani shi ne malami ya cika allo da bayani a kan launuka, yara su kwafe, su haddace, su rubuta a jarrabawa. Yaro ya san sunan launi goma da Turanci, amma bai taɓa haɗa shuɗi da rawaya da hannunsa ya ga sun koma kore ba. Wannan kamar a koya wa yarinya tuƙin tuwo ne a takarda, ba tukunya ba muciya. Ban ga laifin malamin ba ƙwarai, mutum ɗaya da aji cike maƙil, ba kayan aiki. Wannan giɓin shi ne ƙungiyoyi irin ta Minna suke cikewa.

Na san abubuwa uku da ake faɗa, don ni ma na faɗe su da bakina.

Na farko, a ce zane haramun ne. To maganar zana mai rai magana ce ta malamai, ki je ki tambayi malaminki, ki bi abin da ya faɗa miki. Amma 'yar'uwa, hasumiya tana da rai? Zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani fa? Dagin da ke jikin soro, da aska takwas ta babbar rigar maigidanki, da zanen hular da yake ƙwambo da ita ranar Juma'a, da lallen da kika biya kuɗi aka zana miki ranar biki, duk wa ya yi su in ba mai zane ba? Muna son kayan, muna ƙin a koyi yin su. Ita kuwa waƙa, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta ilmantar da mata, jajis ɗinta suna ɗaukar su gari-gari suna koya wa 'Yan Taru.

Na biyu, a ce zai lalata tarbiyyar yarinya. Ni kuwa na ce yarinyar da ke zaune gabanki tana rubutu, ta kawo miki ki karanta, ita ce kika san abin da ke cikin zuciyarta. Wadda kika yage wa littafi ba daina tunani za ta yi ba, daina nuna miki za ta yi. Ta koma ƙarƙashin bargo da waya, ta nuna wa wanda ba ki sani ba, shi kuwa ya ce mata "kai, kin iya!" Kalmar da ta yi ta jira daga bakinki ba ta samu ba, ga shi ta same ta a bakin kura.

Na uku, a ce ba ya kawo abinci. In kin samu takardar naira 20 ki juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya, Ladi Kwali ke nan, wadda ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a ƙauye, ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, aikin hannunta ya kai ta har Ingila da Amurka. Ga Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano, an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, amma alƙalami ya ɗaga ta har aka fassara littafinta Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci. Ba ma sai mun je nesa ba. Mai lallen unguwarku nawa take tashi da shi a lokacin bukukuwa? Telar da ake layi a ƙofarta, me ya raba ta da sauran in ba ido da iya tsara abu ba? Kuma ko yaro bai ci abinci da zane ba, ya koyi natsuwa, ya koyi kallon abu da kyau, ya koyi fara aiki ya kai ƙarshensa. Likita ma yana bukatar wannan, balle uwar gida.

Ban ce duk wanda ya zo da sunan ƙungiya ki miƙa masa ɗanki ba. A'a. Akwai 'yan a-ɗauke-mu-hoto, su zo rana ɗaya da riguna iri ɗaya, su raba fensir, a yi hoto, ba za ki ƙara jin ɗuriyarsu ba. Akwai kuma waɗanda ba a san asalinsu ba. Ki sa mayafinki ki je da ƙafarki, ki ga wurin, ki ga masu koyarwa, ki tambayi iyayen da suka riga ki. Ta gaskiya ana gane ta da daɗewa da kuma dawowa kowane mako, ko da mai hoto ko babu.

In kuma babu a unguwarku, to wa kike jira? Mu da muka iya adashe, muka iya haɗa kuɗin anko cikin kwana uku, muka iya tara gara har ɗaki ya cika, a ce mun kasa haɗa kuɗin takardu da fensiran kala? Mata biyar sun isa. Ranar Alhamis da yamma da babu Islamiyya, a shimfiɗa tabarma a tsakar gidan ɗaya daga cikinku. Wannan makon a kira mai lalle ta nuna musu yadda ake fidda fure, mako mai zuwa mai ɗinkin hula, na gaba tsohuwa ta yi musu tatsuniya su kuma su rubuta ta da hannunsu. A nemi malama mai ritaya ta riƙa duba rubutun. Lokacin hutu a roƙi iyaye maza su kai su gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, su gani da idonsu, su dawo su zana. Ta Minna ma da 'yan yara kaɗan ta fara. Ku kuma 'yanmata da kuka gama sakandare kuna zaman jiran sakamako ko jiran miji, ga aikin yi, ku ne malaman.

Ni dai daga baya na sayo littafin zane da fensiran kala, na kira ɗiyar nan tawa ɗaki, na ba ta haƙuri. Eh, na ba ɗiyar cikina haƙuri, kuma ban ragu da komai ba. Ta karɓa ta juya shi, ta juya shi, sannan ta ɗago kai ta ce, "Mama, wannan ba za ki yaga ba?" Wallahi har yau in na tuna tambayar nan sai na ji kamar an soka mini allura. Ta ci gaba da zanenta, yanzu ita ke fidda wa ƙawayenta zanen lalle, ita ke koya wa ƙannenta da yaran maƙwabta ranar Alhamis. Takardar nan da na dunƙule kuwa tana nan a ƙasan akwatina, na goge ta da dutsen guga, amma alamar yagar ba ta ɓace ba.

Don haka 'yar'uwa, yau in ɗanki ko ɗiyarki ta kawo miki wani ɗan zane ko wani ɗan rubutu, ki aje muciya, ki goge hannu, ki karɓa ki duba. Tuwo ba zai ƙone a minti ɗaya ba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu zama masu ban ruwa ba masu tuge shuka ba, amin.