Nawa ne kuɗin diplom ɗin makaniki a Talladje?

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san cewa takardar jika goma ba ta da wata daraja a jikinta. Darajarta tana hannun mutumin da zai karɓe ta ya miƙo kaya. Mutanen Nijar sun koyi wannan karatu da tsada a wayewar garin 12 ga Janairu 1994, ranar da aka karya darajar sefa da rabi, alhali takardun da ke aljihunsu ba su canza launi ba. To, diplom ma kuɗi ne. Gwamnati ke buga shi, ta sa masa hatimi, ta ce wa yaro ya tafi kasuwa ya canza. Abin tambaya shi ne: idan ɗan makarantar koyon sana'a ya fito da CAP ko BEP na gyaran mota, ya nufi Talladje, nawa za a canza masa?

An zaɓi Talladje don a irin wannan wuri gaskiya ke fitowa. Unguwa ce ta gunduma ta huɗu ta birnin Yamai, a kan hanyar filin jirgin sama na Diori Hamani, hanyar da ke zarcewa Dosso da Maraɗi da Damagaram. Taksi da faba-faba da manyan motocin kaya ba su yankewa a kanta dare da rana, kuma inda mota ta yi yawa gareji ba ya ƙaranci. Yaro ya isa da takardarsa cikin leda. Maigidan gareji ba zai buɗe ledar ba, zai nuna masa mota ya ce ya shiga ƙarƙashi. Mai motar kuwa farashi ɗaya zai biya, ko mai diplom ya ɗaure masa birki ko yaron da bai taɓa shiga aji ba. A bakin titin Talladje farashin takardar sifiri ne, ko sisi ba ta ƙara wa aiki.

Sai a ce ya nemi aikin albashi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tsaya a sefa 30,047 tun daga 2012, sai daga baya aka ɗaga shi zuwa jika 42. A raba jika 42 gida talatin, za a samu sefa 1,400 a wuni, wato dala 280. Ɗan kasuwa mai karanta wannan jarida ya lissafa da kansa abin da dala 280 ke saye a kasuwar Talladje, sannan ya lissafa abin da uba ya kashe na kayan makaranta da kuɗin mota da abinci a shekarun karatun. Wannan ma ga wanda ya dace da wurin da ake biyan albashi bisa doka ke nan. Guraben irin su CFAO, da kamfanonin sufuri kamar Rimbo da STM, da ma'adinan Arlit, ƙidayayyu ne, kuma COMINAK ta rufe tun Maris 2021. Ƙofar gwamnati kuwa, ma'aikata sun fi kowa sanin labarinta: tun zamanin gyaran tattalin arziki na FMI da Bankin Duniya a shekarun 1980 aka fara turo ta, har ɗaukar mai diplom kai tsaye ya zama tarihi.

Daga nan ne wasu ke yanke hukunci cewa karatun banza ne, gara a kai yaro gareji tun yana ƙarami. Tsofaffin masu gareji suna cewa takarda ba ta kwance ƙusa, kuma a zamanin Peugeot 404 da 504 maganarsu dutse ce. Motar wancan lokaci da kunne ake gyaranta: gwani ya saurari inji, ya taɓa karbireta, ya san inda ciwon yake. Amma mota ta sauya. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa sababbin motoci ramin da ake jona na'urar binciken lafiyar inji, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Waɗannan motoci su ne tsofaffin da ake saukewa yau a tashoshin ruwan Afirka ta Yamma a kawo Yamai. Kwamfuta ce ke auna musu mai da iska, kuma ba ta magana da kunne. Sai da na'ura, da zanen wayoyi, da mutumin da ya iya karanta su.

Wanda bai iya ba, canke yake yi. Ya ce famfon mai ne, a saya. Bai yi ba, ya ce filogi ne, a saya. Bai yi ba, ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone. Kuɗin wa ke tafiya? Na ɗan kasuwar da motarsa ta kwana uku a gareji kayansa na jiran hanya, da na ma'aikacin da ya yi shekaru yana tari kafin ya sayi tsohuwar Corolla. Bayan rufe iyakar Benin a 2023, da kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kowane kayan gyaran da aka saya bisa kuskure ya zama asara biyu. A nan darajar karatun take: a kuɗin da bai fita daga aljihun mai mota ba. Ilimin yana da tsada, takardar ce ba ta da kasuwa. Zagin yaron da ya yi karatu barin jaki ne a daki taiki.

Jakin kuwa sananne ne. Ƙasar da ke da Lise Dan Kasawa a Maraɗi, da cibiyar Kalmaharo da CFPP a Yamai, da kwalejojin koyon sana'a a jihohi, da ofishin minista mai kula da su, ita ce kuma ta fi kowa yawan motoci. Kowace ma'aikata da kowace ma'aikatar magajin gari na kashe kuɗin talakawa wajen gyara. Sai a fito a gaya wa jama'a: cikin takardun odar gyaran da ake sa wa hannu kowace shekara, nawa ne suka faɗa hannun gareji mai ma'aikaci ɗaya tak da ke riƙe da diplom ɗin da gwamnatin ta buga? Nawa ne suka bi ta hannun ɗan kwangilar da ba shi da ko guduma, wanda zai ɗebi kasonsa ya tura motar bakin titi? Baitulmalin da ya buga kuɗi ya ƙi karɓarsu a tagarsa ba shi da bakin zargin 'yan kasuwa idan sun ƙi su.

A wasu ƙasashe an ba takardar haƙora. A Jamus gyaran mota yana cikin sana'o'in da doka ta ɗaure buɗe garejinsu da shaidar ƙwarewa ta maigida. A Faransa, wadda aka kwafo sunayen CAP da BEP daga gare ta, dokar 5 ga Yuli 1996 ta ce gyaran mota sai a ƙarƙashin mai diplom, ko wanda ya yi shekara uku yana aikin. A lura da wannan "ko". Ba a kori gwanayen da ba su shiga aji ba, an auna su an ba su matsayi. Ko a Najeriya ma'aikatar ƙwadago tana da jarrabawar sana'a mai mataki uku, wadda wanda ya koya a gareji kan zauna ya samu shaida. An kwaso suna daga Faransa, an baro dokar da ke ba sunan nauyi.

Babu mai hankalin da zai nemi a rufe garejojin Talladje. Su ne makarantar da ta fi kowace yawan ɗalibai, ba tare da ta ci ko dala ta kasafin ƙasa ba. Abin da ake nema huɗu ne. Na farko, odar gyaran motocin gwamnati ta tafi ga garejin da ke da ma'aikata masu shaida, a kuma buga sunayensu kowa ya gani. Na biyu, a buɗe jarrabawar aiki da hannu, cikin Hausa da Zabarmanci, ga tsofaffin gwanaye, domin su ma su shiga sahun. Na uku, kamfanoni suna biyan harajin koyon sana'a, akwai kuma asusun FAFPA. A bayyana lissafin kuɗin, a sa kowane ɗalibi ya fita da akwatin kayan aiki da na'urar bincike, domin makanikin da ba shi da kayan aiki manomi ne ba fartanya. Na huɗu, duk makarantar da ke koyar da injin da ya bar hanya, a kawo mata wanda ke kan hanya.

Saura 'yan kasuwa da ma'aikata. Uban da ke ganin ɗansa ya faɗi idan ya sa rigar baƙin mai, ya fi son ya riƙe lisans yana zaman fada yana shan shayi, shi ma ya taimaka wajen karya farashin. Mai motar da ke ciniki kan ladan gwani kamar yana sayen tumatir, sannan ya biya kayan gyara uku bisa canke bai ce uffan ba, shi ma haka. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Amma babban alhaki yana wuyan mai hatimi. Ranar da gwamnati ta fara karɓar takardarta, Talladje ba za ta jira sanarwa ba. Kasuwa ba a koya mata gane kuɗi mai kyau. Allah ya sa masu kunne su ji.